Gidan da Muka Saya a Bakin Kanal

Shekarun baya, a zamanin da ko wanke-wanke kake yi a gidan abinci banki zai ce zo ka sayi gida, muna haya a unguwar Glenwood, nan Greensboro, ni da maigidana da yaranmu biyu da mahaifiyata. Gidan ƙarami ne, ga ɗaliban jami'a a maƙwabta da kiɗansu mai sa ciwon kai. Amma ƙofarmu ba ta wuni a rufe. Wannan ta shigo aron turmi, waccan ta kawo jariri Inna ta yi masa tofi, wata kuma hira kawai ta kawo ta. Inna ba ta jin Turanci ko na gaisuwa, kuma ba ta taɓa buƙatarsa ba.

Wata rana abokin maigidana, direban babbar mota irinsa, ya dawo daga Florida da hotuna. Gari ne a bakin teku, an yayyanka shi da hanyoyin ruwa da suke kira kanal, kowane gida da ruwansa a baya. To ni 'yar Damagaram ce. Na tashi ina leƙen titi ina jiran mai garuwa, ruwan da aka wanke shinkafa ma sai ya yi wani aikin kafin a zubar. A nuna wa irina gida da ruwa kwance a bayansa, ai an gama da ni.

Kar ku ce ba mu yi tambaya ba. Mun tambayi makaranta, mun tambayi guguwa da inshora, har na tambaya ko kada yana fitowa daga ruwan. Abin da ba mu tambaya ba shi ne ko akwai mutanenmu a garin. Ba mantuwa ba ce, abin ne bai zo mana a matsayin tambaya ba. Mahaifina ya yi fatauci Kwatano da Legas da Akra, duk inda ya sauka akwai zango, akwai mai masauki. Mu a kanmu, duk garin da ke da kasuwa akwai mai jin Hausa a ciki.

Hajiya, babbar matan unguwarmu, wadda ita ake kira in an haihu, ita ake kira in an rasu, ta riƙe ni a ƙofa ranar da na je sallama.

"Ke, da tsohuwa za ku tafi? Wa kuka sani a can?"

"Za mu samu, Hajiya. Ina ne babu mu?"

"To. Allah ya sa."

Gidan ya yi kyau, wannan ba zan ƙaryata ba. Sai dai gidajen garin duk ruwa suke kallo. Mutum ya shiga gareji da mota, ƙofa ta sauko, in zai sake fitowa ta baya ne, cikin kwalekwalensa. Washegarin zuwanmu Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gaba don ta gaisa da masu wucewa. Har la'asar ba wanda ya wuce sai motar wasiƙa. Ta yi haka kusan mako, sannan ta naɗe tabarmar.

Na nemi mutanenmu kamar mai neman allura. Duk baƙar fatar da na gani a kanti sai na yi mata sallama, sai ta zama 'yar Haiti ko Jamaika. Masallaci mafi kusa tafiyar fiye da awa ce, Larabawa da 'yan Pakistan ne, mutanen kirki, amma Inna ba ta da abin da za ta ce musu bayan sallama. Ina aikin kula da tsofaffi, maigidana yana kan hanya, yara suna makaranta, in sun dawo kuma ta yi musu Hausa su amsa da Turanci. Matar da a Greensboro sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma wuni da carbi tana kallon bango.

"Ki maida ni wurin mutane," ta ce mini wata rana ina taje mata kai. "Ba na tsoron mutuwa. Ina tsoron ta same ni a nan."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Bari mu sayar da gidan, bayan Sallah mu koma gaba ɗaya."

Da gaske nake. Amma lokacin kasuwar gidaje ta riga ta faɗi. Layinmu ya cika da allunan sayarwa, maƙwabta suka riƙa kwashe kaya suna barin gidajen da ciyawa. Ruwan da na mutu a kansa ya yi kore, yana wari, sauro kamar a damina. Hajiya ta ce a kawo Inna ta zauna wurinta kafin mu shirya, ni kuma na ga ai abin kunya ne a ce uwata tana gidan wani ina raye. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Ranar wata Talata da hantsi Inna ta faɗi a kicin. Kafin azahar ta cika a asibiti.

Na so a kai ta Greensboro. Aka ce takardun ɗaukar gawa zuwa wata jiha za su ci kwanaki, malaminmu kuma ya ce ta waya kada a jinkirta mata. Na yarda. Matar da ke wankan gawa a masallacin ta yi tafiya, sai wata baiwar Allah 'yar Pakistan ta zo ta riƙe mini buta. Ni ban taɓa ko tsayawa a ɗakin wankan gawa ba, a gida manya ke yi, mu muna waje muna dafa abinci. Na ajiye waya a kan kujera, Hajiya tana faɗa mini ina yi.

"Ki rufe ta da zane tukuna. Ki yi mata alwala kamar yadda take yi. Fara da dama. A hankali, 'yata, uwarki ce."

"Hajiya, hannuna rawa yake yi."

"Ya yi ta yi. Ci gaba."

Maigidana ya iso da safe. Waɗanda suka yi mata salla ko sahu ɗaya ba su cika ba, kuma ban da shi babu wanda ya san sunanta. Mutanen Greensboro sun taso tun jiya cikin motoci biyu, ɗaya ta lalace a hanya, suka iso an riga an rufe ta. Hajiya ta sauko da ƙafafu a kumbure, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tuna mini komai ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan watanni muka bar wa banki gidansa muka dawo. Yanzu in an yi rasuwar mace a cikinmu ina cikin waɗanda ake kira, kuma hannuna ya daina rawa. In na ji ƙanne suna zumuɗin wani gari mai arha da kyau, ba na hana su. Nakan ce su fara nemo mutum biyu a can waɗanda za su taso in an buga musu waya.

Abin ya wuce, na yi kuka na gaji, na kuma roƙi Allah ya yafe mini. Amma har yau akwai abin da ban iya haɗiyewa ba. Mu biyar muka tafi garin nan, mutum ɗaya ce ta roƙa a dawo da ita. Mu huɗu muka dawo.