Zaren Likkafanin Kakata

Jiya ina share ɗakin kakata a Tsibiri, shekara guda da rasuwarta, na ci karo da ledar zarenta cikin adaka. Ina kwancewa ƙanshin ganyen bedi, wato darbejiya, ya buge ni, raina ya ɓaci.

Da hannunta ta kaɗa zaren nan don a saƙa mata likkafani. Ina gabanta ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta danne ledar da gwiwa har iska ta fita, ta ɗaure tam. "Iska da laima ke cin zare, jikata," ta ce. "Ki gaya wa kawunki ya kai wa masaƙin Jiratawa."

Sau uku na faɗa masa. Kullum sai ya ce, "Iya ta cika fatan mutuwa, a bari sai bayan Salla." Ga mota a ƙofar gidansa! Ranar da ta cika, yadin kanti ya aiko daga Maradi. Ni ma da ƙafafuna, me ya hana ni kaiwa?

Zaren ko asu bai taɓa ba. Ki yafe mana, Iya. Allah ya suturta ki da tufafin Aljanna.