Kwana Arba'in a Gidan Mai Ɗori

Ranar Asabar ce, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, lokacin cire albasa, a zauren wani tsoho mai ɗori a Aliero. Mu uku ne. Ni ina kwance kan tabarma, hannuna na dama a karye wuri biyu ƙasan gwiwar hannu. Tsohon yana durƙushe gefena. Yayana, wanda ya zo daga Maiyama, yana tsaye bakin ƙofa da jakata rataye a kafaɗarsa. Hannun yana zugi, amma jakar nake kallo.

Da safen na hau kabu-kabu daga Jega zan kai rubutuna wurin mai buga takardu a Aliero. Buhun albasa ya faɗo daga motar da ke gabanmu, mai babur ya kauce, muka zube. Waɗanda suka ɗauke ni suka duba wayata, suka ga lambar da na rubuta wa "Yaya", suka kira. Ba su san shekara shida ke nan ba abin da ke haɗa ni da mai lambar sai sallama ba.

Ranar da Inna ta rasu ina bakin aiki a gidan rediyo, a birni. Na iso Maiyama na tarar ana dawowa daga maƙabarta. Na ɗora wa Yaya laifin, na ce ya yi gaggawa. Na san addini ya hana gaba ta wuce kwana uku, ni da kaina na sha karanta wa masu sauraro haka. Sai na nemo dabara: ina yi masa sallama ranar Sallah da wurin ɗaurin aure, in ce ai ba gaba nake ba. Sauran abin da ke raina na zuba shi a littattafan rubutu guda huɗu, labarina na farko. Labarin wani babban wa ne, ɗan kasuwar hatsi, da ya rufe uwarsu a gurguje don kada kasuwar Jega ta wuce shi. Na ba mutumin ɗingishin Yaya, na ba shi gyaran muryar da yake yi sau biyu kafin ya yi magana. Duk ɗan Maiyama zai gane shi tun shafi na uku. Littattafan nan huɗu su ne a jakar. Yaya ya gama firamare. Karatunsa a hankali ne, amma ba ya ajiye abin da ya fara.

"Ashe kai na mai gaishe-gaishen rediyo," in ji tsohon, yana lalubar ƙashin da babban yatsa. "To yau mu ji muryar taka ba batir. Malam, aje jikkan nan ka zo ka danne mani ƙanenka."

Yaya ya rataye jakar a ƙusa, ya zo ya ɗora gwiwarsa kan kafaɗata. Tsohon ya yi bisimilla, ya ja. Na yi ihun da ban san ina da shi ba.

"Tasha ta kama," ya ce.

Ya shafa man shanu, ya tofa addu'a, ya jera tsagaggen kara, ya ɗaure. "Kwana arba'in ba ka motsa shi, ba ka hawa babur. Akwai ɗaki nan baya. Wa za shi zamna da shi?"

Yaya ya gyara murya sau biyu. "Ni."

Mai hannu ɗaya yana iya wanke fuskarsa, amma hannun hagu ba ya wanke kansa. Sau biyar a rana Yaya yakan ɗauko buta, ya zuba mini ruwa, ya shafa kan ɗaurin da jiƙaƙƙen tafi, ya wanke mini hagun har gwiwa, ya tsettsefe yatsun ƙafata. Ya ja salla, ina zaune a damansa. Ya dama fura ya riƙe mini ludayi don kada in sha da hagu. Duk wannan ba ma haɗa magana goma a yini. Jakar kuma ta koma ƙusar da ke saman tabarmarsa.

Kwana na biyu na ce, "Yaya, miƙo mini jakata."

"Mi za ka yi da ita, hannu guda? Bar ta nan, ba ta gudu."

Kwana na huɗu na farka daga barcin rana na ga zif ɗin jakar bai rufe ba har ƙarshe. Kwana na biyar na ga littafi na biyu, mai jan bango, ya leƙo daga ƙarƙashin matashinsa. Na fara lissafi irin na mai aiki da agogo: littafi ɗaya cikin kwana biyu, wurin jana'izar yana tsakiyar na uku. Duk lokacin da ya ɗauki buta sai in duba fuskarsa. Ba ta canja ba. Na san in ya kai wurin, yana iya ajiye butar ya hau mota ya koma Maiyama, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Daga nan ko sallamar ma ta ƙare, kuma shi kaɗai ya rage mini a ɗakin Inna. A sujada ban roƙi Allah hannuna ba. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, alhali na san abin da nake so a rufe zalunci ne.

Kwana na tara, alwalar azahar. Yana riƙe da hannuna na hagu, ruwa yana zuba.

"Auta, na kai ƙarshen na huɗu."

Ya ci gaba da cuɗa mini hannun.

"Rubutunka na da daɗi. Har tsohuwar ta ba ni tausai. Amma akwai kure guda. Ranar da Inna tar rasu ba ranar kasuwar Jega ba ta."

Ya ajiye butar, bai saki hannuna ba.

"Sau ukku nib buga waya wurin aikinku. Na hwarko sunka ce kana cikin ɗakin magana. Na biyu sunka ce ka kahwa doka, in jar hwitila na kunne, ko gobara ta tashi kar a taɓa ka. Nic ce to a rubuta a miƙa maka. Na ukku sunka ce an miƙa, ka sa takardar aljihu. Munka yi azahar, munka jira. Rana kamar ta dahwa mutum. Liman ya dube ni sau biyu ina kau da kai. Na ukku ban iya ba."

Dokar tawa ce, kuma ina alfahari da ita. Lokutan ma na san su, aikina ke nan. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar wani abokin aiki ya turo ƙofar a hankali, ya ajiye takarda a ninke gabana. Na harare shi, na sa ta a aljihun gaba ban buɗe ba, na ci gaba da gaishe da mutanen Jega da Alelu. Shirin ya ƙare ƙarfe ɗaya. Na buɗe takardar ƙarfe ɗaya da minti goma. Awa biyu da minti biyar ta yi a aljihuna, hanyar Maiyama kuwa ba ta kai haka ba. Ban taɓa mantawa ba. Sai dai duk lokacin da na ba kaina labarin, daga ƙarfe ɗaya da minti goma nake farawa.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba, Yaya?"

"Abin da kas sani? Na ga in ka aza ma kanka ba ka iya ɗauka, nic ce bari in riƙe maka har ka yi ƙarhi. Ban zaci za shi kai shekara shidda ba. Ban kuwa zaci littahi za ka yi da shi ba." Ya ɗauki butar. "Miƙo ƙahwa, lokaci na tahiya."

Na miƙa. Ya wanke ta dama, ya wanke ta hagu.

"A sa su a murhu," na ce. "Duka huɗun."

"Ba ni ƙona wahalar mutum. Ga labari can ka baro cikin aljihu. Rubuta wancan."

Ya tayar da salla. A raka'a ta biyu na kasa riƙe kaina, hawaye suka zubo, ga shi hagun yana tallafe da ɗaurin, ba ni da hannun goge fuska. Shekara shida ina neman gafara a dunƙule, kamar mai karanta jerin sunaye a shirin gaisuwa. Ranar ce na fara kiran laifin da sunansa a gaban Allah: na bar uwata tana jira, na kuma yi wa ɗan'uwana ƙage. Da muka sallame na juya.

"Yaya, ka yafe mini."

"Allah shi yahe muna baki ɗai." Ya gyara murya sau biyu. "Amma ɗingishin ga ka rage shi. Bai kai hakanan ba."

Sauran kwana talatin da ɗaya na yi su ina tambayarsa yana ba ni amsa: abin da Inna ta ci da safen, wanda ya riƙe kanta, kalmar ƙarshe da ta faɗa. Ba ni da hannun rubutawa, sai na haddace. Tun daga lokacin, kafin in ɗora wa wani mugunta a labari, nakan fara tambayar kaina daga wane lokaci na fara ƙirga.

Kwana na arba'in da ɗaya tsohon ya kwance karan. Washegari Yaya ya kai ni maƙabartar Maiyama ya nuna mini kabarin. Hannun ya kama, sai dai ba ya juyawa gaba ɗaya, rubutuna ya karkata zuwa hagu. Da shi na sake rubuta littafin cikin wata goma sha ɗaya, ya fara daga ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Yaya ne ya fara karanta shi. Ya ɗauki kwana goma sha tara, ya gyara mini wuri biyu.