Rabin Ƙwayar Junaid Baduku

A Ƙofar Taramniya in ka ce Junaid Baduku, ba mai tambayarka wanne. Shekara arba'in ya yi a zaure guda yana yanka jar fata, yana ɗinka wa Alƙur'ani gafaka. Idonsa shi ne jarinsa, kuma ya san da haka.

Amininsa Ɗahiru mai hatsi ne. Tun suna makarantar allo suke ci a akushi ɗaya, ko goro ne ya shigo hannun ɗayansu sai an ɓara shi biyu.

Da ciwon suga ya kama Junaid, likita ta rubuta masa ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ta ja masa kunne kada ya kuskura ya rage, don ciwon nan a ɓoye yake cin ido. Ya ce to.

Ana nan sai Ɗahiru ya fara kukan ƙishirwa da yawan fitsari. Shi kuwa ko da igiya aka ɗaure shi ba zai je asibiti ba. Junaid ya ga ai abin ba na dogon zance ba ne. Ya ɗora ƙwaya a kan katako, ya sa wuƙar aikinsa ya raba ta biyu cif.

"Amshi," in ji shi. "Ciwonmu guda na. Rabi ya ishe ni."

Ɗahiru ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu, wai sai ya isa gida zai sha.

Haka aka yi ta yi har shekara uku, safe da yamma. Junaid ya daina zuwa awo, sai dai ya sayi ƙwayar a kemis. Har daɗi yake ji a ransa, bawan Allah, wai yana riƙe amininsa da rai. Wannan ne ya fi ba ni takaici.

Sai ya fara gani dishi-dishi, basillar ɗinkinsa tana kauce wa layi. Ranar da matarsa Rukayya ta tasa shi gaba zuwa asibiti, likita ta ce suga ya riga ya ɓata jijiyoyin idon, abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Da Ɗahiru ya ji labari ya zo zaure, ya zauna kusa da Junaid. Sai ya ɗora masa wani babban gwangwanin madarar gari a hannu. Junaid ya buɗe ya laluba, ya ji ɓarin ƙwayoyi ne fal.

"Wallahi ko guda ban sha ba," in ji Ɗahiru. "Tsoronta nika ji. Kuma ina jin kunyar maido ma kyauta."

Junaid bai yi faɗa ba. Ya daɗe yatsunsa suna cikin gwangwanin, sannan ya ce a hankali, "Haba Ɗahiru. Da ka hwaɗa min."

Yanzu Ɗahiru ne ke riƙe masa hannu zuwa masallaci sau biyar a rana, kuma har yau ba wanda ya iya sake ta da zancen a cikinsu.