Gurbin Hannun Auta

Kowace asuba, kafin in sauke cebur da kwanon siminti daga baro, nakan tarar da ita a gaban katangar da buta a hannu, tana yayyafa ruwa. Mai Buta muke ce mata. Gajeriyar tsohuwa ce, shekara talatin tana share barandar asibitin unguwarmu, har bayanta ya ɗauki siffar mai shara ya ƙi miƙewa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da tsintsiya ta yi rainon 'ya'ya huɗu, uku suka yi nisa, Auta ta zauna da ita.

Katangar ita ce abin da ya rage na masaƙa bayan gobara. Mutum goma sha ɗaya wutar ta rutsa da su, aka fito da gawa goma. Ta sha ɗayan Auta ce, mai aiki a kan injin zare, wadda injin ya taɓa cinye wa ƙaramin yatsan hagu. Ko takalminta ba a gani ba.

Shekara shida katangar tana tsaye baƙa ƙirin, mutane suna tsallaka titi don kada su bi gindinta. Sai aka kafa kwamiti don a ƙawata ta, aka samo wata malama mai zanen hoto. An yi taro bakwai, ban je ko ɗaya ba. Ranar da aka sauke yashi na zo, don ni magini ne.

Bishiya malamar ta zana. Gangar jikin da fasassun faranti da kwalabe, kowane gida ya kawo nasa. Ganyen kuma tafin hannun mutanen unguwa ne. Ni in shafa filasta, su biyo layi su danna hannu kafin ta kama.

An sha dariya ranar farko. Mahauci ya danna nasa har ya taɓo bulo.

"Kawu, ganye aka ce, ba reshe ba," in ji tela.

"Kai dai sa naka mu gani, ko kaza ce ta taka."

Mai Buta ta sa nata da la'asar. Maimakon ta wuce, sai ta tsaya ta tare wurin da ke gefensa da jikinta.

"Nan na Auta ne."

Na ce, "Inna, siminti ba ya jiran kowa."

"Zan riƙa ba shi ruwa."

Duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san ruwa ƙara wa siminti tauri yake yi. Ban faɗa mata ba. Washegari na same ta tana danna wurin da babban yatsa, ya zama dutse, tana cewa ita ce ta makara.

Da ta tafi na ɗauki kurfi da guduma na fasa gurbin, faɗin tafi biyu. Na cika shi da laka da yashi, na barbaɗa garin siminti a sama don launin ya zo ɗaya. Laka tana jin ruwa. Da asuba ta danna, wurin ya lotsa, ta dube ni ta ce, "Ka gani ko, ɗan nan?" Na ce na gani.

Kwana goma sha tara muka yi a haka. Bishiyar ta cika, hannu ɗari huɗu da wani abu, an shafa musu kore da ruwan ɗorawa. Gurbin nan kaɗai ya rage, jiƙaƙƙe, a reshen ƙasa. Masu wucewa suka koma tsallaka titi.

Ciyaman ɗin kwamiti ya same ni ina haɗa kaya.

"Malam magini, Asabar za a buɗe, baƙi za su zo. Wannan ramin fa?"

"Na tsohuwa ne."

"Na san na tsohuwa ne, ni na ɗauko gawa biyu daga cikin wurin nan. Amma laka ce, ko ba laka ba ce? Ruwan sama na farko zai shiga ta nan ya ɓamɓare reshen duka."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Ya ce in rufe da siminti kafin Juma'a, in ba wanda ya sa hannu a shafe shi sumul.

Na je gidanta da yamma. Ɗaki ɗaya ne da katifa biyu, ɗayar an gyara ta, an ninke zane a kai. Ban iya kwana-kwana ba, na gaya mata duka: laka ce, ni na sa, ruwanta bai taɓa hana siminti kamawa ba. Gobe da asuba zan sa na gaske. Awa biyu zai ba mu, daga nan an rufe.

Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta gyaɗa kai.

"Ashe shi ya sa," ta ce. "Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta taɓa laka. Da ka tambaye ni."

Gari bai gama wayewa ba na kwashe lakar, na kankare bulon har ya yi fari, na kwaɓa siminti na shafa, na goge shi kamar madubi. Tana zaune a kan bulo a bayana, hannu biyu rungume da butar. Titin ba kowa, ko mai shayi bai fito ba. Na taka zuwa duron ruwa don in wanke cokali. Taku goma ne, na sha ƙirga su tun daga ranar.

Da na juyo, akwai hannu a gurbin.

Na hagu ne, dogayen yatsu, guda huɗu. Na duba hannuwan tsohuwar, busassu ne, kuma gajeru. Na duƙa na duba wurin ƙaramin yatsan. In mutum ya lanƙwashe yatsa ya danna, gaɓar takan bar alama, na ga yara sun yi wannan wasan a katangar nan. A nan ba alama, tafin ya zo ya ƙare sumul. Cikin layukan tafin kuma baƙi ya fara fitowa. Baƙin hayaƙi yakan huda filasta, na sani, amma sai bayan makonni, kuma bulon da ke ƙasa ni na kankare shi.

Ba ta tashi da sauri ba. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta daɗe tana kallo.

"Ta rame," ta ce. Can kuma, "Yanzu ruwan taurara shi zai yi, ko?"

"Eh, Inna. Kwana bakwai."

Ciyaman ya tambaye ni hannun wane ne. Na ce an rufe rami kamar yadda ya ce. Ya ƙirga yatsun da ido, bai sake tambaya ba. Malamar ta zo da fenti, ta tsaya, ta mayar da murfin gwangwanin. Ganyen nan har yau launin siminti ne.

An buɗe ranar Asabar, an yi jawabai, ina can ina ɗaure kaya. Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba, kowace asuba, har ta cika kwanakin. Babban ɗanta ya zo daga inda yake aiki zai tafi da ita, ta ce ya jira ta gama.

Rana ta bakwai na je ɗaukar duro. Ta zuba ruwan ƙarshe a hankali daga saman yatsun. Ta kama bakin zanenta ta goge tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake goge wa yaro hannu bayan ya ci abinci. Sannan ta kife butar a gindin katangar, ta bi ɗanta zuwa mota.