Na Lantarki ko Na Turawa?

Dauloli suna tashi suna faɗuwa a kan shawarar da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa babba. Na karanta tarihi gwargwadon littattafan da suka faɗo hannuna, kuma a ƙarƙashin kowace rushewa nakan hango wani magatakarda da ya ji kunyar cewa bai gane tambaya ba. Ina faɗin haka da ƙarfin zuciya, domin ni ma na taɓa zama wannan magatakardan, a Dutse, a kan wani abu da bai kai baro girma ba.

Ranar ta ƙi fita daga raina har yau. Wata Litinin ce, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihohinmu, ina zaman aro a wata ma'aikata. Ga waɗanda ba su san zaman aro ba, ni malamin makaranta ne, na yi shekara goma sha biyu ina koyar da Turanci a wata sakandare ta wajen Taura, sai ma'aikatar ta are ni na shekara biyu in riƙa rubuta mata takardu. In wa'adi ya cika, ko dai a tabbatar da mutum jami'in mulki, ko a mayar da shi inda aka ɗauko shi, ga allinsa ga allonsa. Nawa wa'adin saura sati uku, fayil ɗina kuma yana kan teburin Babban Sakatare, wato shugaban duk ma'aikatan wurin, wanda sa hannunsa ɗaya ya isa. Na riga na kwaso iyali zuwa Dutse. Na riga na yi wa abokan koyarwa sallama irin ta wanda ba zai dawo ba. Wasunsu ma har na ba su shawara su ƙara ƙwazo.

A ofis Ƙamus ake kirana. Ban taɓa hana kowa ba.

Da hantsi Baba Ilu, dattijon masinjan Babban Sakatare, ya shigo da 'yar takarda a kan wani ambulan ya ce, “Malam Habu, in ji Alhaji.”

“Ajiye nan, Baba,” na ce, ban ko ɗaga kai ba.

Layi ɗaya ne da Turanci, da koren biron da a ma'aikatarmu babu mai taɓa irinsa sai Alhaji, Babban Sakatare. Fassararsa ita ce: “Turolin golf, na lantarki ko na turawa? Ba ni shawara zuwa Alhamis.”

Na tunkari layin nan kamar yadda nake koya wa ɗalibai, kalma bayan kalma. Turoli abin ɗaukar kaya ne mai taya, wannan ba gardama. Golf kuwa, a Dutsen wancan lokacin, duk wanda ka ambata wa ita tasha zai nuna maka. 'Yar ƙaramar motar nan ce da ake shigowa da ita daga Kwatano, mai ɗaukar mutum shida da buhun gero da akuya, ta yi Kano ta yi Ringim. Kada ku ɗauka ban san akwai wasa mai wannan suna ba. Na sani, na ci karo da shi a littattafai. Na ba shi minti guda na tunani, na leƙa ta taga na ga duwatsu da awaki da itatuwan dabino, na ce ina golf a nan? Sai na sallame shi.

Hukuncina ya fito tsaf: Alhaji yana son Golf ta ɗaukar kaya, mai yiwuwa don gonarsa ta wajen Aujara, yana kuma tambaya ko ya sayi mai tashi da makulli da batir, ko wadda sai an tura. Ofishinsa yana samana, matakala goma sha huɗu. Da na hau na ce ranka ya daɗe, wane golf ɗin, da magana ta ƙare. Amma wanda ake kira Ƙamus, saura sati uku a yanke masa hukunci, ba ya hawa bene ya tambayi ma'anar kalma.

Ranar Talata na tafi tasha bincike, da babbar riga da littafin rubutu. Aka haɗa ni da Ɗanjummai, shugaban direbobin layin Ringim.

“Yallaɓai, Ringim ko Taura? Saura mutum ɗaya.”

“Bincike na zo yi.”

“To binciken gaba zai zauna ko baya?”

Na yi masa bayani cewa gwamnati ke son sanin wadda ta fi tsakanin Golf ta lantarki da ta turawa. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, sannan ya juya wajen abokansa da ke ƙarƙashin rumfa. “Ku matso ku ji, yau gwamnati ta fara tambayar abin da ya dame mu.”

Suka matso. Ya ce, “Yallaɓai, ai mota ɗaya ce. Ranar da ta iso daga Kwatano ta lantarki ce, kana murɗa makulli ta amsa. Ta sha damina ɗaya a hanyar Jahun, zafi ya dafa batir, shi ke nan ta koma ta turawa. Ga tawa can. Shekararta uku ba ta san makulli ba sai na ƙofa.”

“To yaya kake tayar da ita?”

“Ba ka ga inda na ajiye ta ba? Gangare. Mu nan Dutse Allah ya wadata mu da gangare. In babu, fasinja huɗu su sauka su sa hannu. Kuma ka bincika, ba za ka sami fasinjana mai hawan jini ba.”

Na rubuta duka. Da na ce ina son in ga yadda ake yi, sai ya ce gani ba ya kai yi, ya shiga ya riƙe sitiyari. Na tura motar Ɗanjummai har bakin titi, ni da wani mai sayar da rake, ta tashi ta feshe ni da hayaƙi. Ya leƙo ta taga ya ce, “A gaida gwamnati.”

Ranar Laraba na rubuta shafi huɗu, kuma ina shaida muku ban taɓa yin Turanci mai kyan wannan ba. Na yi magana a kan batir da zafi, da halin hanyoyinmu, da ra'ayin masu sana'ar. Lokacin ko'ina wa'azi ake yi a kan almubazzaranci, sai na ɗauka Alhaji gwada tsantsenina yake yi, don haka na kawo hujjar cewa tunda kowace ta lantarki ƙarshenta turawa, hikima ita ce a fara daga ƙarshen. A shafi na farko kuma, don in nuna faɗin karatuna, na sa wannan jimla: “Ina sane da wani wasa na marasa aikin yi mai wannan suna, inda dattawa ke bin ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda a hannu, amma ba zan ɓata lokacin mai girma da shi ba.” Na karanta ta sau uku, ina jin daɗin kaina.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe ɗaya aka ce in hau. Alhaji ɗan gajeren mutum ne mai sanyin murya, tabarau a kan tsinin hanci. Ya nuna mini kujera, ya ɗauki takardata, ya yi abin da manya ke yi da duk takarda mai tsawo, wato ya tsallake kai tsaye zuwa sakin layi na ƙarshe. Ya karanta a fili:

“Saboda haka ina ba da shawarar na turawa. Ba ya dogara da batir, wanda zafin ƙasarmu ke kashewa. Gyaransa ba ya wuce makanikin bakin titi. Turawar kanta motsa jini ce. Sharaɗi biyu ne kawai: a riƙa ajiye shi a gangare, kada kuma a fita da shi sai da ƙarti huɗu.”

Ya cire tabarau. “Madalla, Malam Habu. Motsa jini, abin da likitana ya ce ke nan. Shi ya sa ya tura ni wasan tun farko, saboda ciwon sukari. Duk Asabar ina Kano ina yi, amma jakar sandunan nan ta fi ƙarfin kafaɗata. Abokina zai tafi Ingila jibi, na ce ya sayo mini abin ɗora ta.”

Ya jawo wata mujalla ya buɗe a gabana. Ga wani Bature a kan ciyawa shar, yana tura 'yar kura mai tayoyi kamar na keken yara, an ɗora mata doguwar jaka cike da sanduna. A gefe ga irinta mai ɗan akwatin batir, tana tafiya da kanta, mai ita yana bin ta kamar makiyayi. Na ji babbar rigata ta yi mini yawa.

“Sai dai gangaren nan da ƙarti huɗu ne ban gane ba,” in ji shi. “Abin da jikata ma za ta iya turawa?”

Shekara goma sha biyu a gaban ɗalibai ta koya mini abu ɗaya, in tambaya ta fi ƙarfinka kada ka yi shiru. Na ce, “Ranka ya daɗe, salon magana ne. Gangare na nufin mutum ya sauƙaƙa wa kansa. Ƙarti huɗu kuma abokan wasa ne, don ba a son babba ya fita shi kaɗai.”

Fuskarsa ta washe. “Ai kuwa hurhuɗu muke fita. Ashe ka san wasan.”

“Na ɗan karanta, ranka ya daɗe.”

“Ƙamus ke nan. Bari in ga yadda ka faro ta.”

Ya lashi yatsa ya fara juya takardun baya. Shafi na uku. Shafi na biyu. Ina zaune ina hango ajina na Taura, da tagarsa da ba ta rufuwa, da fuskokin waɗanda na ce su ƙara ƙwazo. Yatsansa na kan shafi na farko ladanin masallacin ma'aikata ya ɗaga murya. A shekarar nan, in an kira azahar, ko ana tsakiyar taro ajiye biro ake yi. Alhaji ya rufe fayil ɗin shawarar tawa, ya rubuta haruffa biyu a bangonsa da koren biro, ya miƙa wa Baba Ilu, ya tashi yana naɗe hannun riga. Ladanin nan muryarsa ba ta da daɗi, kowa ya sani, amma tun daga ranar ban yarda a kushe shi a gabana ba.

Bayan salla na tare Baba Ilu a ƙasan bene. “Baba, don Allah ka ba ni fayil ɗin nan minti biyu, shafi ɗaya zan cire.”

“Ba a cirewa, Malam. Kowane shafi da lambarsa. In ɗaya ya ɓace ni za a tambaya.” Ya juya bangon ya nuna mini haruffan. “Amma kwantar da hankalinka. Ni ban yi boko ba, sai dai na san waɗannan biyun. In ya rubuta su, ɗakin ajiya ake kai fayil, kuma tunda nake ban ga wanda ya dawo ba. Me ka rubuta ne haka, a kan 'yar kurar golf?”

“Ka san abin ne, Baba?”

“Shekara goma sha ɗaya na yi ina yankan ciyawa a filin golf a Jos. Kuma ai har da hotonsa na kawo maka ranar Litinin, a cikin ambulan. Shi ne ka ɗora wa kofin shayi.”

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Ka tambaye ni? Shekara biyu ina shiga ofishinka, abin da kake ce mini ajiye nan.”

Na koma ofis na ɗaga kofin. Hoton yana ciki, da zoben shayi a kan ambulan.

Sati uku bayan nan takardar tabbatarwa ta fito. A gurbin dalili an rubuta cewa jami'in yana da zurfin bincike da saurin fahimtar bukatun shugabanni. Na yi shekara goma sha tara a kan wannan shaida, har na kai darakta.

Ku da kuke shigowa aiki yanzu, ga abin da na tsinta. In takarda ta zo muku, ku duba ko akwai abin da ke ƙarƙashinta. In ba ku gane ba ku hau bene, matakalar ba ta da yawa. Wanda ya kawo muku saƙo ku ɗaga kai ku dube shi, domin sau da yawa ya fi ku sanin abin da ke ciki, kuma ya daɗe yana jiran ku tambaya. Kada ku zagi abin da ba ku sani ba a rubuce, ko da jimlar ta yi kyau, musamman ma in ta yi kyau. Sannan ku kula da sakin layinku na ƙarshe, don shi kaɗai manya ke karantawa, kuma a kansa ake gina hukuncin da ke juya al'amuran jama'a.

Alhaji dai na lantarki ya saya.