Ranar da Hannun Baba Ya Ƙi Tsirkiya

Maƙwabcina a garin Clinton dattijo ne baƙar fatar Amurka, ya haura saba'in, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama, har suka saba. Shi ya fara jiyar da ni kiɗan buluz. Da na ce masa jitar tana tuna mini gurmi da garayar da na taso ina ji a Kano, sai ya ɗebo faya-fayai ya cika mini hannu, dukkansu waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a.

Aikina a gidan rediyo gyaran sauti ne, saboda haka kunnena ya fi saurin kama aibi. Na mayar masa da su ina ƙorafi. Nan ƙarar kofuna, can wani ya kware baki yana ihu daidai inda jitar ta fi daɗi, ga makaɗi ya tsaya yana ɗaure tsirkiya kamar ba a jiransa. Baba ya ce abin da yake so ke nan. A situdiyo mutum yana iya maimaitawa har ya gaji, amma a gaban mutane abin da ya fita ya fita. Sannan ya ce, yana kallon gefe, shi ba a taɓa ɗaukar kiɗansa ba.

Shi ma makaɗin jita ne, shi da abokansa biyu, mai ganga da mai babbar jita, suna wasa ranar Asabar da rana a farfajiyar wani gidan gasa nama. Wata Asabar cikin zafin bazara na yi azahar, na ɗauki rakoda da makirfo na bi su. Na zauna gefen dandamali, na sa abin saurare a kunne. Ta cikinsa ina jin abin da jama'a ba sa ji: gogar yatsunsa a kan tsirkiya, numfashinsa, takun ƙafarsa a katako.

Waƙoƙin farko sun tafi lafiya. Nan na gane abin da yake nufi, domin in ya ja sauti ɗaya ya riƙe, sai wata mata a baya ta amsa masa, shi kuma ya ƙara ja saboda ita.

Can tsakiyar wata waƙa mai sanyi na ji yatsa ya sauka inda bai kamata ba. Na ɗauka kuskure ne. Sai ya sake. Tsirkiyar ta fara zuza, alamar hannun hagu ba ya danna ta sosai. Ya buɗe baki zai rera, kalmomin suka fito a cakuɗe, kamar harshensa ya yi nauyi. Jama'a suka ɗauki tafi da sowa, don a wannan kiɗa jan murya da karkatar da sauti gwaninta ce. Wani ya ce, "Haka ne, faɗa musu."

Na cire abin kunnen na dube shi. Hularsa ta rufe rabin fuskarsa, amma na ga gefen bakinsa ya saki. Na taɓa ganin haka a fuskar kawuna. Duk da haka zuciyata ta yi ta gardama. In na tsayar da wasan dattijo a ranar da ya daɗe yana jira, alhali salo ne kawai, da wane ido zan dube shi? Mai ganga yana ci gaba, idonsa a rufe.

Na ratsa tebura na isa wurin Mama.

"Mama, dubi bakin Baba."

Ta ɗaga kai tana murmushi, murmushin ya ɗauke. Ta miƙe, kujerarta ta faɗi. Ta hau dandamali ta kama hannunsa na hagu ta ɗaga, ta saki, ya zube kamar tsumma.

"Kira motar asibiti," ta ce mini, ba tare da ta juyo ba.

Na kira, turancina yana guje mini. Matar da ta ɗauka ta tambayi adireshi, ni kuwa ban sani ba, sai mai gidan naman ya fizge wayar ya faɗa. Muka kwantar da Baba a gefensa. Hannunsa na dama yana riƙe da wuyan jitar, da ƙyar muka ɓanɓare. Sai bayan motar ta tafi da su asibiti na ga jar fitilar rakoda tana ci. Ban kashe ta ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Likitoci suka ce an kai shi da wuri. Ya yi makonni a asibiti, ya dawo gida da sanda, magana tana fita a hankali.

'Yarsu, wadda ba ta wurin ranar, ta same ni a ƙofar gida. Ta ce ta ji akwai faifai, kuma mahaifinta ya fara tambaya.

"Ka yanke ƙarshen," ta ce. "Ka bar masa inda yake lafiya."

Na ce zan iya, aikina ne. Na zauna na yanke, na share ƙarar kofuna, na ƙare da tafi mai kyau. Amma ban goge na asalin ba.

Ranar da na kai masa faifan, da la'asar, Baba yana kan kujerarsa, Mama kusa da shi, 'yar tana tsaye jikin ƙofa ta harɗe hannu. Na kunna. Ya saurara ido a rufe, yatsunsa na dama suna motsi a cinya. Da tafin ƙarshe ya ƙare, ya buɗe ido.

"Ina sauran?"

'Yar ta kafe ni da ido.

"Na san abin da na kaɗa," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Kai ma ka sani."

"Baba, sauran ba daɗin ji."

"Nawa ne. Sa."

Na dubi Mama. Ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta gyaɗa kai. Na kunna na asalin.

Falon ya cika da waƙar mai sanyi. Yatsan ya zame, tsirkiya ta zuza, muryarsa ta cakuɗe, sowar jama'a ta taso ta rufe komai. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Na sa yatsa a kan maɓallin tsayarwa ina jira. Ya ɗaga hannu alamar in bari. Muka ji faɗuwar kujera, ganga ta tsaya a tsakiya, sai muryar Mama dab da makirfo tana kiran sunansa a hankali, tana cewa tana nan, kada ya ji tsoro. Ta yi ta maimaitawa har jiniya ta iso.

Baba ya juya da ƙyar ya dubi matarsa. Ya ce bai tuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mama ta ce ita ma ba ta san ta yi magana ba. 'Yar ta buɗe ƙofa ta fita, muka ji motarta ta tashi.

Kusan wata guda ba ta gaishe ni ba, ko mun haɗu a bakin titi. Ni ma na riƙa kauce wa lokacin zuwanta. Wata safiya ina shirin tafiya aiki ta ƙwanƙwasa mini gilashin mota. Ta ce in tura mata cikakken, wanda ban yanke ba. Na tura mata a ranar. Ban tambaye ta ko ta saurara ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.