Albashin Farkon Ɗan Haladu Gora

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin sama na Madina ya tsaya jiran jakarsa, da wuya a ce ba ta bi ta hannun Haladu ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke durƙushe a cikin ɗakin kayan jirgi yana miƙo akwatuna. Mutumin Tudun Wadan Kaduna ne, ya shigo ƙasar da takardar aiki tun yana ji da ƙarfinsa, kuma ƙarfin nan a kan akwatunan jama'a ya ƙare. Alhazanmu kuwa, Allah ya karɓi ibadarsu, idan za su koma gida sai ka rantse duwatsun Uhudu suke cusawa a jaka. Abin da Haladu ya tsira da shi daga aikin shi ne ciwon baya, da wata faffaɗar baƙar ɗamara da masu ɗaukar kaya ke ɗaurawa a ƙugu don kada bayan ya tafi gaba ɗaya.

Haladu Gora ake ce masa a unguwar Ƙiblatain, domin da ƙuruciyarsa ɗan wasan ƙwallon gora ne, wato hoki, har ya buga wa jiharsu. Wasan bai ba shi komai ba sai suna, amma lanƙwasasshiyar sandarsa tana nan rataye a falo, matarsa Bara'atu ta gaji da cewa a sauke ta. Ran Juma'a bayan la'asar wasu ma'aikata 'yan Pakistan kan buga wasan a wani fili bayan unguwa, can yake kai ɗansa Suhaib tun yaron bai kai tsawon sandar ba. Yaro ya tashi da hannu, har ya fi ubansa, kuma Haladu ba ya jin kunyar faɗa.

Alkawari ɗaya ya ɗaukar wa kansa a duniya: bayan yaron nan ba zai ɗauki kayan kowa ba. Ko tukunyar gas aka kawo, gara shi ya hau bene da ita yana nishi da a ce Suhaib ya taɓa. Bara'atu takan ce, “Abu Suhaib, ƙato kamar wannan kake lallaɓawa kamar ƙwai?” Sai ya yi kamar bai ji ba.

Da Suhaib ya girma sai maganar zama ta taso. A Madina aka haife shi, Hausa ma ji kawai yake yi ya mayar da Larabci, amma fasfonsa na Najeriya ne, kuma shekarunsa sun wuce ya ci gaba da zama a ƙarƙashin iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama. Ana cikin wannan damuwa sai wani dattijo ɗan Pakistan da ke horar da su a filin ya tura bidiyon wasansa wurare, ƙungiyoyi biyu suka neme shi. Ɗaya a Oman take, kakar wasanta 'yan watanni ce, albashin ba yabo ba fallasa. Maƙwabcinsu Saminu, Bahaushe mai takardar ɗan ƙasa da ke da shagon dabino kusa da Harami, ya ce zai zama kafilin yaron, wato mai tsaya masa a wurin hukuma: ya je ya buga wasansa, ya dawo ya taimaka a shago, iƙamarsa tana nan. Ɗaya ƙungiyar kuwa a Beljiyam take, albashinta ya kusa ninka na Oman, amma tafiya ce ta gaba ɗaya, sai an soke masa zama.

A nan Haladu ya yi kuskuren da sai mazaunin Madina zai yi. Tun da ya zo ƙasar, abin da aka ce shi ne albashinsa, shi yake gani a ƙarshen wata, ba a taɓa gutsurar ko riyal ɗaya ba. A Najeriya kuma bai taɓa aikin albashi ba, ɗan alawus ake miƙa musu a hannu bayan wasa. Harajin da ya sani shi ne wanda mahaifinsa ke kai wa mai unguwa sau ɗaya a shekara, sai ɗan abin da ake ƙarawa idan ka yi sayayya a kanti. Wai gwamnati ta riga mai albashi sa hannu a albashinsa, wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Suhaib ya yi ƙoƙarin magana. “Abuya, fi dariba hinak,” ya ce, wato Baba, akwai haraji a can.

“To ina ne babu haraji?” in ji Haladu. “Nan ma ba ma biya a kanti? Ka rage sayayya, shi ke nan.”

Bara'atu ta sa baki. “Abu Suhaib, Oman fa kusa ce. Kuma yaron nan yana da gida a nan.”

“Gida? Ya dawo ya riƙa sauke wa Saminu kwalayen dabino daga mota? Ina raye?”

A haka aka tsayar da magana a kan Beljiyam. Suhaib yaro ne mai kunyar ubansa, kuma ya san tun yana ƙarami cewa sandar da ke rataye a falo burin ubansa ce da bai cika ba. Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, aka soke iƙamarsa. Ranar tafiyar Haladu yana bakin aiki, da hannunsa ya ɗora jakar ɗansa a cikin jirgi.

To, akwai al'adar da Haladu bai yarda zaman Madina ya raba shi da ita ba: albashin farko na yaro ba nasa ba ne. Iyaye ake kawo wa gaba ɗayansa, su raba wa manya a sa albarka. Tun kafin wata ya ƙare ya gama shelanta adadin a majalisarsu ta ƙofar masallaci, ya kuma gama rabo a baki: kason Bara'atu, na yayarsa Kaltume a Kaduna, na tsohon mai horarwa, da rago na sadaka. Ya kira Suhaib ya ce, “Kada ka taɓa ko kwabo. Yadda suka faɗa, haka za ka turo shi, albarkar a cikarsa take.” Yaron ya ce, “Hadir, Abuya,” wato to, Baba.

Kuɗin sun ɗan makara, amma sun iso cif. Aka yanka rago, aka ci, aka yi addu'a. Haladu har tafiyarsa ta sauya, ya daina dafe ƙugu a gaban mutane. Wata na biyu ma ya nemi a turo wani abu, don mutanen Kaduna da ba su samu ba sun fara ƙorafi.

Sai dai hankalinsa bai kwanta ba, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Wayar Suhaib ta gajarce. Yaron da ke ba shi labarin wasa bugu bayan bugu yanzu sai “alhamdu lillahi” kawai. Wata Juma'a a filin wasa tsohon mai horarwar ya ja shi gefe ya ce yana bin wasanninsu, an fara ajiye Suhaib a benci, gudunsa ya ragu. Haladu bai tsaya an tashi wasan ba, ya koma gida ya kira ta bidiyo.

Suhaib ya ɗauka yana zaune a bakin gado a wani ɗan tsukukun ɗaki. Ya rame. Da ya yunƙura zai gyara zama sai ya dafe ƙugu da hannun hagu, irin dafewar da Haladu ya sani sarai. A bayansa, jikin ƙofa, an rataye wani faffaɗan baƙin abu.

“Matsa gefe,” in ji Haladu. “Mene ne wancan a ƙofa?”

Yaron ya ƙara gyara zama don ya tare ƙofar.

“Na ce mene ne wancan?”

Da Larabci Suhaib ya ba da labarin, kansa a ƙasa. Albashin da ya shigo hannunsa bai fi rabin abin da aka faɗa da kaɗan ba, an cire haraji da sauran abubuwa tun daga tushe, kuɗin ɗaki kuma ya cinye wani kaso. Abokan wasansa sun yi ta mamaki da suka ji ya bar tayin Oman, ƙasar da ba ta cire haraji a albashi. Bai iya gaya wa ubansa ba bayan an riga an shelanta a majalisa. Sai ya samu aikin safe a wani sito, yana loda kwalaye a manyan motoci kafin ya tafi atisaye, da haka ya cike gurbin.

 Baƙin ciki ya cika Haladu, kuma ya san ba shi da wanda zai ɗora wa. Ya buɗe baki zai ce “dawo gida”, sai ya tuna da yardarsa aka soke iƙamar, gurbin Oman kuwa tuni an ba wani. Bara'atu tana tsaye a bakin ƙofar falo, ba ta ce na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Suhaib ya ɗago kai, ya lalubo Hausarsa da ƙyar. “Baba, kaya ba nauyi.”

Haladu ya daɗe yana kallon ɗamarar. Akwai abu ɗaya da ya ƙi koya wa yaron nan tun yana ƙarami, yanzu kuma shi kaɗai ya rage masa da zai ba shi.

“Saurara,” ya ce. “Idan za ka ɗaga, kada ka sunkuya da baya. Durƙusa da gwiwa, ka rungumo kayan jikinka, sannan ka miƙe. Tashi ka gwada in gani.”